Noti Biyun da Aka Mayar

Ruwan asuba bai gama tsanewa daga kan kwalta ba aka tsinci Ummukulsum kwance a bakin kwalbatin da ake shiga Gyadi-Gyadi, fararen kayanta na ɗaliban jinya sun rine da laka. Takalminta ɗaya yana ƙafarta, ɗayan yana tsakiyar titi. Motar da ta kaɗe ta ba ta tsaya ba, amma ta bar shaida a baya: lambarta ta gaba, kife a bakin kwata.

Kafin Malam Isyaku Mai Sawu ya iso, an riga an sa yarinyar a bayan wata a-kori-kura an yi asibitin koyarwa da ita, jama'a kuwa sun yi abin da suka fi iyawa, wato tattake duk inda bai kamata a taka ba. Wannan hali na mutanen birni ya daɗe yana ci wa tsohon tuwo a ƙwarya. Shi da ƙuruciyarsa mafarauci ne a dajin Falgore, ya dawo Tarauni ya tsufa yana jagorancin 'yan sintirin unguwa, kuma duk inda aka haura katanga ko aka kwance akuya shi ake tasowa. Ya daka wa mutane tsawa suka ja baya, ya karɓi farantin Hauwa mai ƙosai ya kife shi a kan sawun taya guda ɗaya da ya tsira a lakar gefen titi. Haka yake yi tun yana daji: sawun da bai gama karantawa ba rufe shi yake yi, kada ruwa ko ƙafa su shafe.

Sawun faffaɗa ne, na sabuwar taya. Lambar kuwa tana ta yawo daga hannu zuwa hannu, kowa ya karanta ya girgiza kai, ba wanda ya san mai ita. A cikin taron Isyaku ya hango ɗansa Gambo yana leƙa lambar ta saman kafaɗar wani. Gambo shi ne kaɗai ɗan da ya rage masa, wanda aka haifa bayan tagwayen da ƙyanda ta kwashe. Bana ne, da sojoji suka koma bariki siyasa ta dawo, ya samu aikin tuƙa motar Alhaji Ɗahiru, mai sayar da tayoyi kuma jigon jam'iyya a unguwar, uban kuwa ba ƙaramin daɗi ya ji ba. Yau sai ya ga fuskar yaron a yamutse. Gambo ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce zazzaɓi ne ke damunsa, Alhaji kuma yana jiransa, ya wuce.

Sai da hantsi ya dubi ludayi wani mai wankin mota ya karɓi lambar ya ce ai ta Sha'aibu ce, mai farar Fijon nan da ke aiki a ɗakin gwajin jini na asibiti. Nan fa kowa ya tuna abin da bai taɓa damunsa ba. Ai Sha'aibu ne ya nemi auren Ummukulsum bara ta ce masa sai ta gama karatu. Ai an ga ya rage gaishe da mahaifinta. Ai dama shiru-shirun nan nasa ba na alheri ba ne. Kafin ka ce kwabo taron ya juya ya nufi lungun da yake haya. Motar tana nan ƙarƙashin darbejiya, fuskarta na kallon katanga, kuma da aka leƙa gabanta babu lamba. Aka jawo Sha'aibu daga ɗaki da idon barci, yana rantsuwa hutunsa ne yau, daga masallaci kwanciya ya koma, motar ma kwana biyu ba ta motsa ba saboda wahalar mai. Ba wanda ya saurare shi. Da 'yan sanda ba su iso a kan kari ba, da a lungun aka gama shari'ar.

Ummukulsum ta cika bayan azahar ba tare da ta buɗe ido ba.

Da aka dawo daga maƙabarta, mahaifinta Malam Haruna, tsohon malamin firamare, ya aika aka kira Isyaku cikin zaure. Dama mutum ne mai magana a hankali, ranar kuwa sai ka matso kake jin muryarsa. Ya ce duk wanda ya zo ta'aziyya sai ya ƙara masa da cewa ya gode Allah an kama mai laifi, shi kuwa zuciyarsa ta ƙi kwanciya. Shi ya koyar da Sha'aibu yana ƙarami, ya san shi da riƙo a zuci, amma bai san shi da mugunta ba.

"Ba na son a ba ni wanda ya fi sauƙin kamawa," in ji shi. "Ina son wanda ya bar mini 'ya a kan titi ya tafi. Ka bi mini sawun nan, Malam Isyaku, kuma inda ya tsaya ka faɗa mini, ko ɗan wane ne."

"Ko ɗan wane ne, Malam," in ji Isyaku, ya ba shi hannu. Bai ji nauyin maganar ba a lokacin, don ya sha faɗarta.

Ya fara da Hauwa mai ƙosai, tunda ita ce ta fi kusa da wurin. Hauwa ta ce tana sunkuye tana hura wuta ta ji ƙara, ta ɗago ta ga farar mota ta ɗan tsaya kamar mai shawara, sannan ta figa. Da ya tambaye ta wace iri ce, sai ta ce ita mota a wurinta iri biyu ce, mai tsayawa ta sayi ƙosai da mai watsa mata ruwa ta wuce. Amma ta tuna abu ɗaya: motar ba ta da kuka ko kaɗan. Fijon Sha'aibu kuwa tun tana bakin titi ake jin zuwanta a ƙarshen lungu.

Daga nan aka tura shi wurin Audu mai kabu-kabu, don shi ma motarsa fara ce, kuma an ga gabanta a lotse. Audu yana ganin tsohon ya hau rantse-rantse tun ba a tambaye shi komai ba. Isyaku ya sa farce ya kankare lotsawar, tsatsa ta zubo masa a tafi. Ashe tun kafin zaɓe Audu ya gwabza wa turken wata rumfa a Unguwa Uku, yana ta ɓoye wa mai motar. Tsohon ya bar shi yana godiya, ya juyo ransa a ɓace, yini guda ya tafi a kan tsatsa.

A unguwa kuwa an fara cewa Mai Sawu ya rikice, yana neman mai laifi alhali mai laifi yana hannu. Labari ya zo cewa ba ma da sunan haɗari za a kai Sha'aibu kotu ba, da sunan kisan ganganci ne. Mahaifiyarsa ta taso daga Babban Giji ta zauna a ƙofar caji ofis da kwanon abincin da aka hana ta shiga da shi.

Washegari Isyaku ya koma lungun Sha'aibu. Motar tana inda take, an fasa gilashinta, an sace iskar tayoyinta. Tayoyin sirara ne, sun cinye har zare ya fito, ba su suka bar sawun da ke ƙarƙashin farantin Hauwa ba. Amma ya san abin da za a ce masa: titi ne, kowace mota na bi. Sai ya matse jikinsa tsakanin bamba da katanga ya tsuguna, gwiwoyinsa na kuka.

Inda lamba take zama fes yake, babu ɗigon laka, alhali sauran bambar duk feshi ne. Ya kai yatsa yana laluben ramukan da ake ɗaure lamba, don ya ji yadda ƙarfen ya yage. Maimakon haka sai yatsansa ya ci karo da kan noti. Ya shafa ɗaya gefen, nan ma noti. Dukansu biyu suna zaune a ramukansu, an murɗa su sun kai ƙarshe, kawunansu da sabon karcen sukurudireba yana sheƙi.

Ya daɗe a tsugune. Lambar da karo ya fizge, ko ta yage a bakin raminta ko ta tafi da notinta. Ba a taɓa yin motar da ta kaɗe mutum, ta yar da lamba, sannan ta mayar da notinta ba. Hannu ne ya kwance lamba daga nan, a cikin lungun nan, bayan ruwa ya ɗauke. Kuma hannun mai tsari ne, wanda ko cikin sauri da tsoro ba ya iya barin abu a ƙasa. Har tsohon ya ji a ransa cewa ko wane ne, an ba shi tarbiyya. Amma in lambar Sha'aibu ce ta faɗi a titi, to wace lamba aka zo aka kwance daga motarsa?

Sajen da ke riƙe da maganar a caji ofis tsohon abokin Isyaku ne, sun sha kama ɓarayi tare, don haka ya ɗauko lambar daga durowa ya ajiye masa a kan tebur yana mita. Ya ce doka a fili take: kowace mota lamba biyu, gaba da baya, iri ɗaya, a ɗaure inda ido zai gani. Zamanin soja wanda aka tare babu lambar gaba sai ya yi tsallen kwaɗo a bakin titi. Yanzu kuwa da farar hula ta dawo, wannan ya jingina tasa a bayan gilashi, wancan ya lulluɓe ta da leda, wani ya cire ya kafa hoton ɗan takara. Ga mota babu lamba, ga lamba babu mota, an haɗa sun dace, shi me ya rage masa?

Isyaku ya ɗaga lambar ya kalli ramukanta ta hasken taga. Ba su yage ba. Sai dai bakin kowane rami ya lashe, ya yi siririyar hanya mai sheƙi, irin wadda waya ke ci a jikin ƙarfe idan ta jima tana gugarsa. Wannan lamba da waya take rataye kafin ta faɗi, motar Sha'aibu kuwa ba ta san waya ba.

Ya roƙi Saje aka fito masa da Sha'aibu, ido ɗaya a kumbure, leɓe a fashe. Ya tambaye shi yaushe rabon da wani ya taɓa lambarsa ta gaba. Sha'aibu ya ce shi ko kallonta ba ya yi, wa ke kallon gaban motarsa? Yana jingina ta da katanga, ya shiga ta gefe, in aka tambayi lamba ta baya yake karantawa. Sai can ya tuna ranar rantsuwa, da aka rantsar da sabuwar gwamnati. Alhaji Ɗahiru ya bi gida-gida ya ari motocin unguwa don jerin gwano, shi ma ya ba da tasa don kada a ce ya raina mutane. An kwance lambobin gaba duka an zuba a cikin wani baho, an kafa alluna masu tambarin jam'iyya a madadinsu, da aka dawo kuma aka mayar wa kowa tasa.

"Wa ya kwance, wa ya mayar?" in ji Isyaku.

"Ai Gambo ne, Baba. Gambonka. Shi ya yi duka, har magariba ta rufa yana ɗaurawa cikin duhu-duhu."

 Tsohon ya dafa tebur ya miƙe da ƙyar. Saje ya tambaye shi ko lafiya, ya ce gwiwa ce.

A waje ya tsaya ya yi ta lallashin kansa. Motoci nawa ne suka shiga jerin gwanon nan? Cikin duhu kowa zai iya musanya lamba biyu, wannan kuskure ne, ba laifi ba. Wataƙila lambar Sha'aibu motar wani can daban ta hau. Zai iya komawa gida ya kwanta, ya ce wa Malam Haruna sawu ya ɓace a kan kwalta, ba kuma wanda zai ƙaryata shi. Amma ƙafafunsa ba su saba juyawa daga kan sawu ba, suka kai shi ƙofar Alhaji Ɗahiru.

Alhaji ya ji daɗin samun wanda zai nuna wa motarsa. Fara ce doguwa, 'yar Amurka da ta shigo ta Kwatano, in an kunna ta sai ka kasa kunne kafin ka san tana aiki. Ya ce wai can wasu garuruwan ba sa sa lambar gaba, shi ya sa bambarta ta zo sumul babu wurin noti. Makanikai suka ce a huda, ya ce ba mai huda masa mota. Aka ce a manna da gam, ya ce zafin Kano zai narkar. Aka ce a jingina a gilashi, ya ce masu tare hanya za su hana shi sakat. Sai Gambo, yaron kirki, ya yi dabara ya rataye ta da waya a jikin ragar gaba.

Isyaku ya tsuguna. Lambar ta Alhaji ce, daidai da ta baya. Amma kewaye da kowane raminta akwai zoben tsatsa, inda kan noti ya zauna ya sha ruwan damina, a jikin motar da ba ta da wurin noti. Wayar sabuwa ce fil. Sai ya dubi ƙullin. Zarge ne irin na tarkon zomo, an naɗe shi ta hagu, an mayar da bakin wayar ciki an lanƙwashe don kada ya karci hannu. Mahaifinsa ne ya koya masa wannan ƙulli a Falgore, shi kuma mutum ɗaya ya koya wa a duniya. Bambar tana warin sabon fenti, tayoyin kuwa faffaɗa ne, sababbi daga shagon Alhaji.

Alhaji yana ta zuba a kansa. Ya ce ranar ma da abin nan ya faru Gambo ya fita da sassafe ɗauko masa baƙo a tashar Unguwa Uku, ya dawo babu baƙon, wai bai gan shi ba, ya kuma gogi ƙofar gida da bamba sai da aka kai fenti. Amma yaro ne mai amana, bai ko yi masa faɗa ba. Isyaku ya yi godiya ya fito, bai san ta wace hanya ya isa gida ba.

Bayan magariba Gambo ya shigo cin tuwo kamar yadda ya saba. Mahaifiyarsa Salamatu ta ajiye masa, ya yi loma kaɗan ya ture. Isyaku yana zaune a kan buzu yana kallonsa. Ya ga ya mayar da murfin kwano ya daidaita shi, ya wanke hannu ya mayar da buta gindin randa inda ya ɗauke ta. Tun yaron yana rarrafe uban yake nanata masa cewa abin da ka cire ka mayar da shi muhallinsa, har da ranƙwashi in ya manta, sai da abin ya zama jininsa.

Tsohon ya hau ba da labarin Sha'aibu kamar da Salamatu yake. Ya faɗi yadda idonsa ya kumbura, yadda uwarsa take zaune a rana da kwanon abinci, da irin hukuncin da ke jiran wanda aka kama da kisan ganganci. Ya ce mutumin da haɗari ya afka wa, in ya kawo kansa, da sauran sauƙi a wurin hukuma da wurin Allah. Sannan ya juya.

"Gambo, kana da abin da za ka faɗa mini?"

Gambo ya kalli ƙasa. "Babu, Baba," ya ce, ya yi sallama ya fita.

Salamatu ba yarinya ba ce, ta shekara da shekaru tana karanta fuskar mijinta. Ta zauna a bakin ƙofa ta yi ta kuka marar sauti. Ta tuna masa ƙananan kaburbura biyu da suka baro a ƙauye, ta ce ba ta da wani bayan wannan. Ta ce sawu nawa ne ya ɓace masa a rayuwa ba a kashe shi ba, wannan ma ya bar shi ya ɓace. Isyaku ya ce mata ita ma waccan ta ƙofar caji ofis uwa ce. 

Washegari ya roƙi mai unguwa a taru bayan la'asar a lungun Sha'aibu, aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin darbejiya. Saje ya zo da Sha'aibu da lambar da aka tsinta. Malam Haruna ya zo, Hauwa ta zo, Audu ya zo yana ta wurga ido. Alhaji Ɗahiru, wanda tun da siyasa ta dawo taro ba ya wuce shi, ya iso a motarsa Gambo na tuƙi. Bayansu kuwa duk waɗanda suka daki Sha'aibu ne, sun zo ganin yadda tsoho zai kunyata.

Isyaku ya san ƙulli ba hujja ba ne a wurin Saje, kowa zai iya cewa ya iya. Kuma, gaskiyar magana, akwai ɗan buri da ya rage masa. Ya ce yana so a kwance lambar baya ta Fijon a haɗa da wadda aka tsinta, kuma tunda Gambo ya san aikin, ya taimaka. Gambo ya ɗauko sukurudireba daga motar Alhaji ya tsuguna a bayan Fijo. Uban ya tsaya a kansa yana roƙon Allah a zuci yaron ya jefa notin a aljihu, ko ya riƙe su a baki, ko ya zubar a ƙasa kamar yadda kowane makanike ke yi.

Gambo ya kwance na farko, ya kwance na biyu, ya jingina lambar da gwiwarsa. Idonsa yana kan mutane, hankalinsa yana can wani wuri, hannayensa kuwa suka ci gaba da aikinsu. Suka mayar da noti ɗaya cikin raminsa suka murɗa har ƙarshe. Suka mayar da ɗayan.

Isyaku ya rufe ido na ɗan lokaci. Sannan ya sa aka tura motar baya kaɗan daga katanga, ya kira Saje da mai unguwa su shafa bambar gaba da hannunsu. Ya yi bayani a taƙaice. An musanya lamba biyu ranar rantsuwa, ta Sha'aibu ta hau motar Alhaji da waya, ta Alhaji ta hau motar Sha'aibu da noti, ba wanda ya lura. Da aka kaɗe yarinyar waya ta tsinke, lambar Sha'aibu ta faɗi daga motar da ba tasa ba. Wanda ya yi ya gane haka, ya riga jama'a zuwa lungun nan, ya kwance lambar Alhaji ya tafi da ita, ya bar Sha'aibu da gaban mota tsirara. Abu ɗaya kawai ya kasa, shi ne barin noti a ƙasa. Ya ce wanda yake shakka ya je ya dubi zoben tsatsa a lambar Alhaji.

Ba wanda ya je. Duk idanu sun koma kan bayan Fijo, inda noti biyu suke zaune a ramukansu, Gambo kuma yana tsugune yana kallon hannayensa kamar ba nasa ba.

Tsohon ya taka zuwa gaban Malam Haruna ya durƙusa. "Malam, ka ce inda sawu ya tsaya in faɗa maka. A gidana ya tsaya."

Gambo bai musa ba. Ya ce gilashi ne ya yi hazo, yana gogewa da hannu, ita kuma ta kauce wa ruwan kwata ta shigo titi. Ya tsaya, ya hango fararen kaya a ƙasa, ya tuna yadda ake yi wa direba a irin wannan wuri, ƙafarsa ta taka mai ba da saninsa ba. Ya dawo a ƙasa don ya ɗauke lambar, ya tarar da ita a hannun mutane, da ya leƙa kuma ya ga ba ta Alhaji ba ce.

"Na zaci za su sake shi, Baba," ya ce yana kuka. "Tunda bai yi ba, na zaci za su sake shi."

Sha'aibu ya sulale ya zauna a ƙasa ya rufe fuskarsa.  Sai taron ya fara motsi, mutanen nan dai da hannayen nan dai, sun samu sabon wanda za su daka. Isyaku ya miƙe ya tsaya a gaban ɗansa ya gitta sandarsa. Ya ce hannun hukuma ya miƙa yaron, ba hannunsu ba, kuma wanda yake jin hannunsa na ƙaiƙayi ya fara zuwa ya nemi gafarar Sha'aibu. Bai matsa ba sai da Saje ya sa Gambo a mota aka ja.

Malam Haruna ya kamo hannunsa, hawaye na bin gemunsa. "Da na sani, Malam Isyaku, da ban sa ka ba."

"Ko ba ka sa ni ba, da na bi," in ji tsohon.

Ya isa gida hadari ya haɗo ta gabas, iska tana kaɗa tufafin da ke kan igiya. Labari ya riga shi zuwa. Salamatu tana cikin ɗaki ta juya fuskarta ga bango, ya yi sallama ba ta amsa ba, bai kuma ga laifinta ba. Ya tsaya a tsakar gida bai san abin da zai yi da jikinsa ba.

A gindin randa, inda ƙasa ba ta bushewa, ya ga sawu. Ƙafar hagu ce babu takalmi, dunduniya ta nutse fiye da yatsu, ɗan yatsan ƙarshe ya ɗan karkace waje. Tun wannan ƙafa ba ta kai tsawon tafin hannunsa ba ya san ta. Jiya ne yaron ya tsaya a nan ya mayar da buta.

Ɗigon farko ya faɗo masa a wuya. Malam Isyaku ya ɗauko kwanon tuwon da Gambo bai cinye ba, ya juye ragowar, ya sunkuya a hankali ya kife shi a kan sawun.